Na rubuta mata kalma ɗaya ta Turanci, ta ce mun cinye mata kaya

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne mazaunin Fagge, ina tsaron shagon kawuna a Kantin Kwari. Da yake na yi difloma, duk wani saƙo na Turanci ni ake miƙa wa waya in rubuta. Muna da wata kwastoma 'yar Anaca da ta daɗe tana sayen atamfa da leshi a wurinmu. Ta biya kuɗin dila huɗu, ta ce mu ajiye mata sai ta turo direbanta. Da damina ta kankama, kawu ya sa aka kwashe kayan sito na ƙasa aka kai sitonmu na Sharaɗa don gudun ruwa, ya ce in sanar da ita. Ina son kalma mai nauyi da za ta nuna mun san aiki, sai na duba ƙamus na waya na rubuta mata: "We have diverted your goods to our other store." Ba a jima ba ta kira kawu tana faɗa, wai ita ba za a cuce ta ba, a mayar mata da kuɗinta ko ta haɗa mu da 'yan sanda. Da ƙyar kawu ya lallashe ta, sannan ya juyo kaina a gaban yaran shago, ya ce in wannan ne Turancin da na karanta gara in koma dako. Tun ranar, in aka miƙo mini waya hannuna rawa yake yi. Malam, mene ne laifin kalmar nan? Kuma yaya zan bambance move da shift da transfer da forward da sauransu, tunda ƙamus kusan ma'ana ɗaya yake ba ni? Ko in haƙura da rubutun ne kawai?

Wa alaikumus salam, ɗana.

Kada ka haƙura da rubutun. Na fara da tambayarka ta ƙarshe ne don ita ta fi tsaya mini a rai. Yaron da ya ajiye saƙon da ya jawo masa faɗa, ya kuma nemi a nuna masa inda ya karkace, shi ne ya dace ya riƙe wayar shago.

Ƙamus bai yi maka ƙarya ba. Divert tana nufin kawar da abu daga hanyar da ya nufa a bi da shi wata, asalinta ma daga Latin yake, daga kalmar da ke nufin juyawa gefe. Akwai wuraren da ba ta da wani aibu ko kaɗan. In ana ginin gada a cikin garin nan aka toshe titi, allon da ake kafawa "Diversion" yake ɗauke da shi, wato ku ratse ta nan. In hazo ya rufe sararin Kano lokacin hunturu jirgi ya kasa sauka, aka juya shi Abuja, cewa ake yi "the flight was diverted to Abuja", ba wanda zai zargi matuƙin da komai. Haka in aka tare ruwan kogi aka bi da shi gona. Matsalar tana tasowa ne in abin da aka karkatar ɗin dukiya ce, kuma ta wani. Matar nan 'yar Najeriya ce, tana jin labarai. Kullum kunnenta yana jin diversion of funds, diversion of fuel, diversion of fertiliser, kuma duk inda ta ji, bayansa sunan EFCC ne ko kotu ke biyowa. To sai ga saƙo daga Kano, daga mutanen da ta riga ta biya kuɗi kayanta na hannunsu, an haɗa mata diverted da your goods da our store a jimla ɗaya, babu dalili, babu sunan wuri. Me kake so ta ɗauka?

Abin da ya fi amfani a nan shi ne, Hausa ma haka take. Ka mayar da jimlarka Hausa ka ji: "Mun karkatar da kayanki zuwa ɗaya sitonmu." Za ka iya faɗa wa wata Hajiya 'yar Zinder haka? Ba za ka iya ba, don kai ma ka san a rediyo "karkatar da kuɗi" zargi ne. Cewa za ka yi, "Hajiya, mun kwashe kayanki mun kai Sharaɗa saboda ruwa." Ka ga kunnenka na Hausa ya riga ya san bambancin. Abin da ya faru shi ne, da ka shiga Turanci sai ka ajiye wannan kunnen ka kama neman babbar kalma. Ka daina wannan. A harkar kuɗi da kaya, ƙaramar kalmar da kowa ya sani ita ce mai tsaron mutunci, babbar kuwa sau da yawa tana zuwa da wani wari da ƙamus na waya ba ya faɗa. Kai ɗan Kwari ne, ka san yadi biyu kan fito iri ɗaya a hoto, sai an taɓa ake gane wanne ne na gaske. To ƙamus hoton kawai yake nuna maka.

Kalmar da kake buƙata ranar nan ita ce move. Ita ce uwar sauran, ba ta da ɓoyayyar manufa: abu yana nan, an mai da shi can. Da ka rubuta haka: "Good afternoon Ma. Because of the rain, we have moved your four bales to our store in Sharada. They are safe and your name is on them. Your driver can collect them there any day." Lura da abin da ke ciki. Dalili ya zo kafin labari, an faɗi yawan dilar, an faɗi wuri, an kuma nuna mata kayan har yanzu nata ne. Ko da ka yi kuskuren kalma, da dalilin nan na ruwa yana cikin saƙon, da wuya ta tayar da hankalinta haka. Duk wanda ke hulɗa da Kwari ya ji labarin ambaliyar da ta shiga kasuwar a daminar 2022, saboda haka shawarar kawunka ta kwashe kaya daidai ce, godiya ma ta cancanta. Isar da saƙon ne ya gaza.

Kusa da move akwai shift, wadda ta fi dacewa da ɗan gusawa: a matsar da dila daga bakin ƙofa zuwa lungu, ko mutum ya matsa a kan benci. Kada ka yi amfani da ita ga kayan da suka bar kasuwa suka tafi wata unguwa. Ka kuma yi hattara da remove. Ganin move a cikinta yana ruɗin mutane su zaci ma'anarta "sake matsarwa", alhali cirewa take nufi. In ka ce wa kwastoma "we removed your goods", tambayar da za ta biyo baya ita ce, kuka kai su ina? Relocate kuma ta tashi ce gaba ɗaya, ta shago ko ofis ko iyali. Ita jaridun Turanci suka yi ta amfani da ita a 2024 lokacin da aka umarci masu sayar da magunguna na Sabon Gari su koma Dangwauro. Dila huɗu ba ta kai a ce an yi mata relocate ba.

Transfer ka san ta, tunda kullum a bakinmu take, "yi mini taransifa", "an yi wa wane taransifa zuwa Bichi". Gidanta uku ne: kuɗi daga asusu zuwa asusu, ma'aikaci daga wuri zuwa wuri, sai mallaka daga hannu zuwa hannu. Na ukun nan ne ya kamata ka kiyaye. In ka rubuta "we have transferred the goods to Alhaji", mai karatu zai iya fahimtar kayan sun zama na Alhaji, ba wai an kai su ajiya wurinsa ba. Tunda muna maganar kuɗi, ga wasu uku da suke rikita samari a kasuwa, don mu duk "mayarwa" muke ce musu. In banki ya cire kuɗi bai kai ba, daga baya ya dawo da su, reverse ke nan. In mai shago ya mayar wa mai saye kuɗinsa, refund ne. In mai saye ya dawo da kaya, return ne. Kada ka taɓa rubuta wa kwastoma "we will refund" sai ka ji daga bakin kawu, domin wannan alkawari ne, kuma rubutacce.

Yanzu ga inda na fi so ka buɗe kunne, domin nan ne rigima ta fi yawa tsakanin 'yan kasuwar Kano da abokan hulɗarsu na kudu. Send da dispatch suna cewa kaya sun bar hannunmu. Deliver tana cewa kaya sun isa hannun mai su. Ka ɗauka ka sa 'yan dako sun kai dila tashar manyan motoci ta New Road a Sabon Gari, an yi lodi, an ba ka takarda, ka tsaya har motar ta tashi. A ranka aiki ya ƙare, sai ka rubuta "we have delivered your goods". Matar tana Anaca, ta duba shagonta babu komai. Ko kuma mota ta lalace a hanya ta kwana biyu, ita kuma tana riƙe da saƙonka da ke cewa an riga an damƙa. Abin da ya kamata shi ne "we have sent your goods", ka haɗa da sunan kamfanin motar da lambar takardar da ranar tashi, ka ɗauki hoton takardar ka tura. Delivered sai ita ta faɗa, ko direba ya tabbatar ta karɓa. Za ka ji 'yan kudu suna cewa "waybill it to me". Wannan Turancinmu ne na gida, kuma yana aiki sarai tsakaninmu, amma in da ɗan Sin ko ɗan Dubai kake magana ka tsaya a kan send ko ship.

Forward ta bambanta da send da abu ɗaya: abin ba daga gare ka ya faro ba. Ya zo hannunka ne, ka wuce da shi gaba yadda yake. Shi ya sa WhatsApp ke rubuta "Forwarded" a saman saƙon da ka ɗauko daga wani, shi ya sa kuma ake kiran masu fito da kaya a Apapa clearing and forwarding agents, don su ba su ne masu kayan ba, karɓa suke su miƙa. In kawu ya ce ka tura wa ejan rasit ɗin da kamfani ya aiko, forward za ka yi. Redirect da reroute kuwa na kayan da ke kan hanya ne. In tirela ta taso daga Legas za ta Kano, aka ce hanyar Mokwa ta lalace ta biyo ta Lokoja, reroute ke nan: hanya ta sauya, masauki yana nan. In kuwa aka kira direba aka ce kada ya zo Kano ya sauke a Kaduna, redirect ne: masaukin ne ya sauya. Masu harkar jiragen ruwa da tireloli sukan yi amfani da divert a nan, kuma a tsakaninsu ba laifi ba ne. Amma kai, in mai kayan kake rubuta wa, ka ɗauki redirect, ka kuma faɗi wanda ya ba da umarni: "as you instructed" ko "as Alhaji agreed with you on the phone". Refer ta mutane ce, kamar yadda ƙaramin asibiti ke tura mara lafiya Asibitin Malam Aminu Kano. Ba a yi wa dila refer.

Akwai wani wuri da Hausa ta riga ta yi maka rabin aikin. Mu a ƙarshen kalma muke nuna inda abu ya dosa: kai da kawo, tura da turo, aika da aiko, saya da sayo. Wasalin "o" ɗin nan yana cewa abin ya nufo nan. Turanci ba shi da wannan dabarar, sai ya ware kalmomi biyu. Take ita ce kai, bring ita ce kawo. Duk inda za ka ce "kawo" da Hausa, sa bring, har da lokacin da kai ne za ka je wurin mutum: yadda muke cewa "zan kawo miki gobe", haka su ma suke cewa "I will bring it to you tomorrow". In wuri na uku za a kai, ba wurinka ba ba wurinta ba, take ce: "the boy will take it to the park". Carry kuwa ɗauka ce kawai, a ka ko a kafaɗa ko a mota, ba ta faɗin inda aka nufa. A titi za ka ji "carry am go", kowa ya gane, amma a rubutu take ta fi tsabta. Tura da turo kuwa duk send ce, abin da ya biyo bayanta ne ke nuna alƙibla: "send me the receipt", "send it to him". In direbanta ne zai zo ya ɗauka, collect ko pick up.

Ba ka tambayi na lokaci ba, amma zan faɗa maka tun kafin ya same ka, domin ranar biya ma ana matsar da ita. Postpone ɗagewa ce zuwa gaba, haka push back da put off. In an matso da ranar kusa, bring forward ake cewa. In kana hulɗa da Indiyawa za ka iya cin karo da prepone, tasu ce, ma'anarta matsowa kusa, amma kada ka ɗauka ka kai wa wasu. Ka guji "move the payment forward", don ko Turawan kansu sukan yi saɓani a kanta, wani ya fahimci an matso, wani ya fahimci an ɗage. Reschedule ba ta faɗin gaba ko baya, cewa kawai take an sauya. Maganin duk wannan guda ne: ka rubuta ranar. "We have moved the payment from Monday 3 March to Thursday 6 March." Ka kuma rubuta sunan wata da haruffa, domin 3/6 a wurinmu uku ga Yuni ne, a Amurka kuwa shida ga Maris, su kuma mutanen Sin da shekara suke farawa.

Kada ka zauna haddace waɗannan kamar jadawali, ba za su zauna ba. Ka sami ƙaramin littafi ka ajiye a aljihun tebur. Duk saƙon da ejan ko banki ko kamfani ya turo, in ka ga ɗaya daga cikin kalmomin nan, ka kwafi jimlar gaba ɗaya, ba kalmar kaɗai ba, don ka ga me aka matsar, daga ina, zuwa ina. Yawancinsu da from da to suke tafiya, kuma in ka cike guraben nan biyu da wuri na gaskiya, rabin ruɗani ya kau. Wajen rubutawa ka tuna transferred da referred "r" biyu ne a ƙarshe, diverted da forwarded kuwa ed kawai ake ƙara musu.

Saura gyaran abin da ya ɓaci. Matar nan kawu ya lallashe ta, amma kai ba ka ce mata komai ba, kuma saƙonka yana nan a wayarta. Ka nemi izinin kawu, ka je Sharaɗa, ka ɗauki hoton dilolin yadda sunanta da aka rubuta a jikin buhun zai fito sosai, ka tura mata da 'yan kalmomi: "Ma, I am sorry for my message. I used the wrong word. We only moved your bales because of the rain. Here they are." Kada ka tsawaita, kada ka kawo mata bayanin ƙamus. 'Yar kasuwa ce, hoton kayanta ya fi mata kowane bayani.

Shi kuma kawu, ni a ganina bai kyauta ba da ya yi maka faɗan a gaban yara, kuma maganar dako ta yi tsauri. Amma ka duba ta ɓangarensa. Mutum ya shekara da shekaru yana gina suna a Kwari, inda ake ba da kayan miliyoyi da baki kawai, sai ga kwastoma tana ambatar 'yan sanda a kan abin da ya yi don kare mata dukiya. Tsoro ne ya yi magana a bakinsa. Kada ka tayar da zancen a shago. Ka same shi a gida bayan sallar Isha'i, ka gaishe shi, ka ce, "Kawu, na gane inda na yi kuskure, na kuma nemi a koya mini. Ina roƙon daga yanzu duk saƙon da ya shafi kuɗi ko kaya, in na rubuta in karanta maka shi da Hausa kafin in tura." Wannan zai kwantar masa da hankali, kai kuma zai tilasta maka yin gwajin nan na mayar da jimla Hausa kowane lokaci. Ka fassara masa abin da ka rubuta daidai, ba abin da kake nufi ba. In ya ji wata kalma ta yi masa nauyi a kunne, ku sauya ta tare. In kuma babban lamari ne, kamar sauya wurin kaya ko ranar biya, ka ba shi shawara ya fara kiran mutumin a waya, rubutun ya biyo baya ya zama shaida.

In ya ce a'a, ya miƙa wayar ga wani na ɗan lokaci, kada ka yi fushi. Ka ci gaba da cika littafinka, kuma duk saƙon da aka tura daga shagon ka riƙa rubuta naka a gefe kana gwadawa.